Littafin Ruwan Sama

A aljihun kwat ɗinka muka same shi, Baba,
ɗan littafi mai baƙin bango, ya sha maiƙon tarakta,
na arba'in da bakwai, in an haɗa da na cikin kwalin takalma.
Ba ka taɓa rubuto mini wasiƙa ba.
Ashe ruwan sama kake ta rubuta wa.

Sha biyu ga Mayu: Rabin inci. An shuka alkama a gonar gabas.
Uku ga Yuni: Babu.
Huɗu ga Yuni: Babu. An haifi Maris da asuba.
Ni ke nan, rabin layi, tsakanin fari da fari.
Na yi dariya, sai na lura ka ja layi biyu a ƙarƙashin sunana,
har bakin fensir ya huda takarda.
Na bi sauran littattafan shafi-shafi, ban ga inda ka sake ba.

Jiniyar kwana-kwana in ta yi kuka da tsakar dare,
kafin Inna Halyna ta lalubo makunnin fitila
ka kai bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
Shekara talatin da ɗaya, ko sisi ba a biya ka ba.
Daren da bargar Lindqvist ta kama, ka dawo ba gira.
Muka tasa ka gaba da dariya wajen karin kumallo,
ka ce ku bar ta, ita kaɗai ce shukar da ba ta neman taki.
A littafi kuwa: Iska daga yamma. An fitar da shanu.
Wa ya fitar da su? Shiru.

In hunturun Saskatchewan ya sauka,
sanyin da ke daskarar da hawaye tun bai bar ido ba,
kai ne da tiyo, ƙarfe huɗu na dare, a bayan makaranta,
kana kwarara ruwa shimfiɗa bisa shimfiɗa
don 'ya'yan mutane su sami ƙanƙarar sulɓi da safe.
Yaran sun ɗauka haka nan take gyara kanta.

Ba zan wanke ka tas ba, Orest Dmytruk, ka san halinka.
Taurin kai kamar turken shinge.
Shekara tara ba ka ce wa Baffa Taras uffan ba
a kan taku uku na iyakar gona.
Amma duk dusar da ta toshe hanyar gidansa
kafin gari ya waye ka ture ta, ka juya ba sallama.
Shi kuma ya riƙa ajiye maka tulun zuma a kan dirka.
Haka kuka yi ta gaba, kowa na ciyar da kowa.

Satumba ka faɗi, a bakin gona, zangarniya a tafinka.
Kwana uku da rufe ka muka ji ƙasa tana rawa:
injin girbi bakwai sun jero, gayyar da ba wanda ya kira.
Ga Lindqvist, ga 'ya'yan Thibault da suka koyi sulɓi a ƙanƙararka,
ga Baffa Taras a gaba, yana tuƙi yana share fuska da hula.
Kafin faɗuwar rana sun gama, ko shayi ba su tsaya sha ba.

Jiya da dare an yi ruwa.
Inna ta farka ta ce, wa zai duba?
Na fita da kwat ɗinka, hannuwansa sun fi nawa tsawo,
na ɗaga kwalbar awo daga kan dirka, na kanga ta da haske.
Fensir ɗinka duk shaidar haƙori.

Sha tara ga Satumba: Kwata na inci.
Na daɗe a tsaye ina neman abin ƙarawa.
Sai na rubuta: An girbe gonar gabas.