Man Suya a Tanki

A Suwame, bayan rumfar Bawa,
tsohuwar toro-toro ta dawo da tarinta.
Shekara goma salansarta ke shafa baƙi
a bangon Azumi mai kifi.

Yau ragowar man kaskonta
an tace, an sarrafa, an gauraya da dizal.
Bawa ya murɗa makulli.
Inji ya yi gyaran murya.

Na kara farin ƙyalle a bakin bututu:
toka-toka, ba gawayi ba.
Ƙamshin suya ya bi layi,
har yaron shago ya haɗiyi yawu.

"Rage murna," in ji Bawa.
"Za ta fi shan mai a hawan Bantama,
dattin tanki kuma zai taso.
Jibi ka zo da sabuwar filta."

Azumi tana jinmu.
Washegari kuɗin jarka ya tashi.