Layi Na Bakwai

A fom ɗin shiga makarantar Kaura, layi na bakwai,
an tambayi sana'ar mahaifi.
Na rubuta: manomi.
Ba ƙarya ba ce duka, yana da 'yar gonar gero a hanyar Kurya.
Sai dai ba gero ya saya mini biron ba.

Kalangu ne.
Ranar kasuwa Tunau na tsaye a rumfar mahauta,
ƙudaje na kewaya shi kamar 'yan amshi,
ya matse tsarkiya a hammata,
fata ta kira Sarkin Fawa da sunan kakansa,
a manna masa naira ashirin mai maiƙo a goshi.
Irinsu na tara na biya kuɗin jarrabawa.
Akawu ya ƙirga su da kan yatsa,
ya goge hannu a wando.

A ajinmu akwai Nusaiba, ɗiyar likita,
wadda aka koya wa fiyano a Kaduna.
Malamai suka ce baiwa ce,
wai kiɗa yana buɗe wa lissafi ƙofa.
Na ji, na haɗiye.
Nata kiɗan yana da murfi, ana share shi da hankici.
Namu a ƙusa yake kwana, bayan ƙyauren zaure,
kuma sunansa roƙo.

Wata Talata Malam Sidi ya zana igiya a allo,
tudu, kwari, tudu, kwari,
ya ce: me ya sa in an ja tsarkiya tamau
muryarta ke hawa?
Aji ya yi tsit.
Ni ko hammatata ta sani.
Tun ina shekara shida ta sani,
ranar da Baba ya tafi masallaci ya bar shi a tabarma
na saci bugu uku, Inna ta bi ni da muciya.
Na ɗaga hannu, na amsa da Turancin littafi.
Ya ce: ina kika karanta?
Na ce: a laburare.
Ta biyu ke nan.

Yau shekara goma sha ɗaya ina gyaran injinan asibiti a Gusau.
Injin sikanin ma makaɗi ne:
ya buga, ya saurari abin da jiki zai mayar masa.
In ya lalace, kafin in kwance ƙusa ko ɗaya
sai in kanga kunne.
Yaran aikina na ce mini mayya.
Ban gaya musu gadon gida ba ne.

Bara numfashi ya fara yi wa Baba rowa.
Na kawo shi a bayan a-kori-kura, da hularsa a hannu.
Likitar zuciya, Nusaiba ce.
Na tambaye ta fiyano, ta yi dariya,
ta ce ɓeraye sun haihu a ciki tun tuni.

Ta shafa masa mai a ƙirji, ta ɗora kan injin
da ni na gyara ranar Litinin,
ɗakin ya cika da ganga.
Baba ya rufe ido. Yatsansa na bin ƙarfen gado.
Can ya ce: “Wanga makaɗi gwani na,
amma ya gaji.
Shina tsallake guda bayan huɗu.”
Nusaiba ta dubi allo, ta daɗe,
ta dube shi,
sannan ta rubuta.

Nas ta shigo da kati.
Suna? Shekaru? Sana'a?
Na buɗe baki, ya riga ni:
“Makaɗin mahauta. Shekara arba'in da biyu.”
Nas ta ɗago, ta karanta katin da ke wuyana,
inda aka sa Injiniya kafin sunana,
ta sake dubansa.

Na sunkuya ina gyara wata waya
wadda ba abin da ya same ta.