Kalma Biyar

Likitar ta ce, riƙe mini waɗannan,
anjima zan karɓa:
kwando, agogo, lemo, gada, allura.
Na zuba su a aljihun kai
kamar canjin da kwandastan danfo ya miƙo.

Ba ni ne marar lafiyar ba,
tun daga ƙofa na gaya mata.
Sabi'u ne, yayana, wata na bakwai a Yaba.
Shi ke jin rediyo cikin bangon da babu rediyo,
shi ya ce masu tallan ruwa a Oshodi
duk sun san sunan mahaifiyarmu.
Ta ce ta sani, shi ya sa aka kira ni.
Nono ɗaya kuka sha,
muna neman inda hanya ta rabu.

Suka karɓi zobena da makullan rumfa,
suka tura ni cikin farin bututu,
ƙunci kamar kabarin da aka yi wa fenti.
Kada ka motsa.
Na'ura ta kama daka a kaina,
injin markaɗe goma a kunne ɗaya.
Ina kwance ina maimaita kwando, agogo,
sai ga mu yara a bakin dogo a Agege,
Sabi'u na ƙirga taragu da ido,
kafin in kai tara ya ce talatin da huɗu.
Shi ya koya mini lissafin buhu ba da alƙalami ba.
Da shi nake ci har yau a Alaba Rago.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta
shafa wa naka ruwa.
To wutar da ke ƙarƙashin hula fa,
ta ina ake shafa mata?

Ta juyo mini da allon.
Ga ni, toka-toka, an tsaga ni kamar goro.
A tsakiya wani baƙi mai fiffike biyu.
Ruwa ne, ta ce, kowa na da shi.
Na Sabi'u ya ɗan fi faɗi.
Nawa fa?
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
Sai an tara kawuna ɗari-ɗari ake hango bambancin,
kai ɗaya ba ya ba da labarin gobe.
Wannan hoto ne, Malam Mudi, ba hukunci ba.

Sannan ta miƙo hannu: ajiyata.
Kwando. Agogo. Lemo.
Gada.
Na laluba, na zazzage aljihu,
fanka na juyawa, biro na jira.
Huɗu ba laifi, ta ce, ta rubuta wani abu
da ban iya karantawa a juye ba.

Daren nan Ummita 'yata na hira da murfin kwalba,
ta ba shi suna, ta yi masa faɗa.
Na tsaya a bayan labule fiye da kima.
Uwarta ta ce, shekararta huɗu fa.
Na ce na sani.

Lahadi na kai masa gurasa da sabulu.
Ya yi ƙiba, hannunsa na rawa kaɗan.
Don in ga dariyarsa na ba shi jarrabawar,
ta biyar ta faɗo bakina ban kira ta ba.
Muka yi zancen kuɗin haya, da tsadar albasa,
da muryar da ya ce ta rage surutu.
Da zan tafi ya kama rigata:
gada, ya ce. Lemo.
Allura, wannan ai duk wata ana tuna mini.

A motar dawowa, bisa doguwar gada,
na leƙa Makoko.
Ruwa ko'ina, baƙi, mai faɗi,
sun kafa turaku sun yi ɗaki a kai,
wata mata na shanya zane.