Gashin Zenaide

Malamar asibiti ta zo a kwalekwale da almakashi,
ta yanki gashin 'yata ta ƙeya,
ɗan kaɗan, bai kai kaurin igiyar fatsa ba.
Ta naɗe a takarda, ta rubuta: Zenaide, shekara tara.
Aka wuce da shi Santarem.

Ni Edivaldo, a bakin Tapajos aka yanke cibiyata.
Kifin tukunare da garin rogo suka raine ni,
su na ba ta tun haƙoranta ba su cika ba,
ina murje tsoka, ina zare ƙaya.
Ashe akwai ƙayar da yatsa ba ya ji.

Can sama, tafiyar kwana uku a jirgin inji,
masu neman zinariya na zuba zaiba cikin laka.
Na taɓa ganinta a tafin wani,
tana mirginawa, fara fat, ba ta jiƙa hannu.
Ruwa ya kai wa ƙaramin kifi,
babba ya haɗiye ƙarami,
komata ta kama babba,
na kai gida ina fito.

Bana sau huɗu zazzaɓin sauro ya kayar da ita.
Gyambon ƙafarta tun kogi na cike yake,
ga rairayi ya fito, bai rufe ba.
Da safe yatsu a kumbure,
ko maɓallin riga sai an sa mata.

Da takarda ta dawo, malamar ta zauna a bakin kwalekwalena.
Ta ce a cikin jini akwai masu gadi.
Zaiba kan ruɗa su:
wasu su yi barci ɓarawo na wucewa,
wasu su farka a firgice cikin duhu
su kai wa mai gida sara,
ba su shaida muryarsa ba.

Ta ce a rage kifin da ke cin kifi.
Na dubi kogi, na dubi tukunya.
Ban tambaye ta me za mu ci ba,
na ga wannan amsar ba ta cikin jakarta.

Yanzu tukunare in ya hau fatsa sai in sake shi,
in nemi masu cin 'ya'yan itace a ƙarƙashin rassa.
Maƙwabta na cewa Edivaldo ya taɓu.

Daren jiya ta shafa ƙeyarta a gadon lilo,
ta ce, Baba, wurin ya toho.
Na ce, ya toho.
Na rage fitila.
A waje kogi na wucewa kamar bai san kome ba.