Hular Severino

A La Paz masu kuɗi gangarawa suke su kwana
can cikin kwari, inda iska ke da kauri.
Mu aka bar wa sama,
El Alto, ido da ido da ƙanƙarar duwatsu,
inda numfashi ma sai da ciniki.

Da asuba nakan shiga akwatin da ke tafiya bisa waya,
ina lilo a kan rufin gidajen jan bulo,
fuskata a buɗe, sunana Severino Limachi.
Kafin in kai dandalin San Francisco
na ja hular ulu har wuya,
ido biyu kaɗai na bar wa gari.
Daga nan sunana "Kai, yaro!"
Shekarata arba'in da ɗaya.

Na san mutanen garin nan daga idon sawu zuwa ƙasa:
lauya mai taka gefe guda,
ɗan sandan da dunduniyarsa ta cinye,
angon da ƙafarsa ta ƙi tsayuwa wuri ɗaya.
Su ɗora, su buɗe jarida,
buroshina na raɗa, su ba sa ji.
Sulalla su faɗo a tafina
ba tare da yatsa ya taɓa yatsa ba.

A makarantar 'yata Nélida
an rubuta: uba, aikin ofis.
Da lemun tsami nake kankare farce kafin in shiga gida.
Na ce ai ciki ba don dankali kaɗai aka yi shi ba.

Sai hular ta fara bina har gado.
In cire ta, in rataye a ƙusa,
in ji ta nan dai a fuskata, tana ƙaiƙayi.
Eulalia na magana, muryarta na zuwa ta cikin ulu.
Miya ta daina gishiri.
Dare ya raba ina ƙirga takalma,
duk suna wucewa, ba wanda ya tsaya.

Likitar unguwa ta ce, "Ina ke ciwo?"
Na ce babu.
Ta ce, "To ɗago ka dube ni."
Na kasa. Takalminta na da ƙura, shi na sani.
Ta ce ciwon damuwa ne, yana da magani,
in dawo Alhamis mu zauna.

Ranar Talata, wajen hantsi,
wani ƙaramin baƙin takalmi ya hau akwatina.
Maɗaurinsa ni na ɗinke shi da jan zare
daren Lahadi, don baƙin ya ƙare.
Jinina ya daskare. Na sunkuya, ina ta shafa mai.

"Baba, tun ina aji uku na gane tabon yatsanka.
Goge da kyau, yau ni zan yi karatu gaban taro."

Na goge har rana ta ga fuskarta a ciki.
Ta sauke ƙafa, ta gyara jaka:
"Ka rubuta bashi."

Ban yar da hular ba, kada in yi ƙarya.
Na dai naɗe ta zuwa goshi
tsawon lokacin da ta ɗauka tana tsallake titi.
Sanyi ya mare ni a kumatu biyu,
wata mai sayar da gyaɗa ta ce, "Ashe gemu gare ka."

Alhamis na koma asibiti.
Likitar, ashe, tabarau take sakawa.