Garatuti a Bazara

Da kuɗin sallamata na saye ta.
Shekara talatin da biyar ta alli da allo
ta koma saniya guda, baƙa da fari,
ruwa biyu ce: uwa Bunaji, uba daga ƙasar ƙanƙara.
Yaran Sandamu suka raɗa mata Garatuti,
ban hana ba.

Da sanyi ƙwarya biyu take cikawa da safe,
har na fara lissafin garke a bayan littafi:
maraƙi bana, karsana baɗi.

Sai bazara ta sauka.
Rufin kwanon da na yi mata don gata
ya zama tanda.
Ta daina tuƙa, ta bar dusa ga kaji,
tana tsaye, ba ta kwanciya,
harshe waje, dalala har ƙasa,
haƙarƙari na bugawa kamar zugazugin maƙeri.

Likita Zubairu ya zo daga Daura a babur,
da tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi,
iri a cikin ɗan tsinke.
Na biya, na rubuta kwanan wata,
hannun malami ba ya mantuwa.
Kwana ashirin da ɗaya ta dawo tana neman sa.
Na sake biya. Ta sake dawowa.
Na uku ma ban ga alamar ba,
cikin dare abin ya zo mata, shiru, ya wuce kafin assalatu.

Ya ce, Malam, ba juya ba ce.
Jininta ne ya gudu fata neman iska,
ya bar mahaifa ba mai tsaro.
Abin da ya shiga bai kai ƙwayar gero ba,
ka taɓa ganin binne ya tsira a kan kasko?

Na ja ta rugar Baffa Jaɓɓi, ko bijimi zai fi allura.
Ya dubi bijiminsa kwance a gindin gawo,
ya ce, wannan ma rana ta dafa masa iri,
sai ya yi wata biyu yana jin sanyi kafin ya koma namiji.
Namu sun san jira, in ji shi,
taka ce jininta rabi baƙo,
bai san watannin garin nan ba.

Na dawo na ɓalle kwanon da hannuna.
Na kafa rumfar kara mai tsawo, gabas da yamma a buɗe,
na dasa bedi biyu da ba zan sha inuwarsu da wuri ba.
Harawa sai bayan isha,
ruwan randa, ba na duro ba,
buhu jiƙaƙƙe a gadon baya da azahar.
Hansai na dariya daga madafi:
saniya wanka uku a yini,
ni da na haifa maka shida ko mafici ban gani ba.

Ruwan farko ya sauka daren Laraba.
Da safe na tarar da ita kwance tana tuƙa,
a hankali, kamar mai tuna wani abu.
Zubairu ya zo da tulunsa karo na huɗu.

Yau kwana ashirin da shida.
Ba ta yi kuka ba, ba ta ja turke ba.
Ban faɗa wa Hansai ba, ban faɗa wa Jaɓɓi ba.
Na buɗe littafin, na ja layi,
na bar gurbin suna babu komai.