Goma Sha Ɗaya

Sunana Erwan Kerbrat, burodi nake gasawa,
hawa huɗu ƙarƙashin inda jirage ke tashi.
Wata biyu da kwana tara rabonmu da Toulon,
mu kusan dubu biyu a cikin ƙarfe guda.
Gari ne mai tafiya: da asibiti, da mai aski, da mai wa'azi,
ba yaro, ba bishiya,
ɗakina ko taga babu.

Sun ce zuciyar jirgin nan wuta ce marar hayaƙi,
tana shekaru ba ta nemi a iza ta ba.
Ita ke dafa tururin da ke cilla jirage sama,
ita kuma ke ba tandata rabonta.
Uwarmu ɗaya ke nan, ni da su.

Wani hafsa ya taɓa ce mini, bakinsa cike da burodina:
"Ƙasarmu ce muka yanko muka ɗora a kan ruwa.
Ba ma roƙon kowa wurin sauka.
Mu ajiye ta a ƙofar mutum, ya kwana yana juyi."
Ya ce akwai mai faifai a gadon baya,
wanda ke hango abin da ke bayan gaɓar sama,
akwai 'yan rakiya dama da hagu,
da wani a can ƙasa, cikin duhu, yana kasa kunne.
Na ce to. Na miƙa masa man shanu.

Ƙarfe ɗayan dare nake zuba yis.
Lokacin ne majaujawa ke farkawa:
gunji tukuna, sai ƙarfe ya daki ƙarfe,
ludaya su kaɗa a jikin ƙusa,
gari ya yi tsalle a kan tebur ya koma.
Ina ƙirgawa. Ba wanda ya sa ni.
Da yatsa nake jan layi a cikin fulawa.
Daren Laraba, goma sha ɗaya.

Ta bakwai Solenn Abgrall ce.
Kafin ta hau takan leƙo,
ta ce in ba ta gindin burodi, wurin da ya fi ƙonewa.
Ban san launin gashinta ba sai a wata na biyu.

Dawowa ta fi tafiya wuya.
Fili ɗan tsito, yana tangaɗi, ga duhu,
ƙugiya a wutsiya, igiya uku a shimfiɗe.
In ta kama, sai rufina ya yi kuka mai tsawo,
in share layi ɗaya.
Takwas. Tara. Goma.

Na ji ƙafa ta taɓa, igiya ta yi shiru,
gunji ya sake hawa sama.
Na biyu ma haka.
Na tsaya, hannuna a cikin kwaɓi har wuyan hannu,
ina kallon layi ɗaya tal
kamar ni ne zan riƙe shi kada ya faɗa teku.
Ƙauri ya cika ɗaki, ban motsa ba.

A na uku igiya ta yi kuka.
Ban taɓa jin muryar da ta kai ta daɗi ba.

Ta shigo wajen huɗu da rabi, shatin hula a goshi.
Faranti guda ya ƙone ƙurmus, ta ce shi take so.
Hannunta na rawa, ta riƙe shi da ɗayan.
Ban tambaye ta inda suka je ba.
Na dai san sun tashi da nauyi,
sun dawo sakayau.

Can inda nauyin ya sauka,
ƙila akwai wani mai tanda
da ya zuba yis ƙarfe ɗaya, kamar ni.
Ko shi me yake ƙirgawa?

Na goge teburin da tsumma.
Saura burodi ɗari shida kafin a busa na asuba,
ga faranti yana jiran kankara.